Washin da Na Yi wa Takalmin Ƙanƙara

Lokacin da bango ke gumi ne a Guangzhou, wato sanyi ya wuce, zafi bai gama kankama ba. Sai ka shanya zani kwana uku ka ɗauke shi da danshinsa, daɓen ɗaki kuwa santsi kamar an zuba mai. Shekarar ma haka ta zo mini, duk abin da na taɓa sai ya ƙi daidaita. Maigida kullum yana tashar jiragen ruwa ta Huangpu wajen lodin kwantena, in ya dawo ba shi da bakin magana. Ni kuma ina gida da takardun makarantar yara waɗanda ban iya karanta ko layi ɗaya ba. Na sha wuya a ajin yaƙi da jahilci a Kano kafin in iya haɗa baƙi da wasali, sai ga ni a ƙasar da rubutunsu ya mai da ni kamar ban taɓa riƙe fensir ba.

'Yar farina shekararta goma sha ɗaya a lokacin. Makarantarsu na kai su wani filin ƙanƙara a saman benen wani ƙaton kanti, suna koyon hoki. Takalmi ake sawa mai ƙarfe a ƙasa, a zame da shi, a riƙa korar wani baƙin faifai da sanda mai lanƙwasa. A shekarar sai makarantar ta shirya 'yar gasa don tuna babbar gasar da ƙasashe ke yi tsakaninsu. Kowace ƙungiya za ta ɗauki sunan wata ƙasa, ta ba da tarihinta a ranar buɗewa. Amma sai an yi gwaji ranar Asabar, wadda ta ci ita za ta shiga.

Yarinyar nan ta haddace tarihin gasar kamar karatun allo. Ina yankan alayyafo tana tsaye a kaina.

"Umma, kin san ƙasashen Turai ne suka fara abinsu? Da Kanada ta zo sai ta riƙa lallasa kowa. Daga baya Rasha ta karɓe."

"To."

"Yaƙi ya taɓa tsayar da gasar shekaru. Mata kuwa sai can baya-bayan nan aka buɗe musu tasu."

"Mu fa, muna ciki?"

"Haba Umma, ina muka ga ƙanƙara? Sai ta cikin zoɓo."

"To" ɗin nan kaɗai take samu daga gare ni. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban idonsa, haka na tashi na tarar. Amma Allah ya sani ina son ta shiga. Na ga yadda take kwana biyu ba ta cin abincin kirki saboda gwajin.

Ranar Alhamis da hantsi, tana makaranta, na buɗe jakarta don kayan su sha iska. Sai na ga danshi ya sa ƙarfen takalman sun yi tsatsa. Dama na ji ta tana ce wa ƙaninta takalminta na son washi. Na shafa da yatsa, na ji bakin ƙarfen da faɗi, har da wani ɗan kwarmi a tsakiya. Na ce a raina, wannan ko tumatir ba zai yanka ba, a haka za ta je gwaji?

Mahaifina mahauci ne. Tun ina ƙarama nake zuba masa ruwa a dutse yana washi, kuma dutsen da ya ba ni har nan na taho da shi cikin akwati. Na shimfiɗa tsumma, na zauna. Na goga wannan gefe, na goga wancan, har kwarmin ya ɓace, bakin ya tashi siriri. Sai da aka yi azahar na gama ƙafa biyun. Na gwada da zare, ya tsinke tun kafin in danna. Na mayar da murfin robar da ake sa wa ƙarfen, na zuge jaka, ban faɗa wa kowa ba.

Ranar Asabar na raka ta, na zauna bayan gilashi da mayafi biyu. Tana ɗora ƙafa a kan ƙanƙara ƙafafun suka rabu, ta zube. Ta tashi, ta sake zubewa. A karo na uku ta samu ta ɗan yi gaba, amma ta kasa tsayawa, ta je ta daki katanga. Malamin wasan ya hura usur, ya yi mata nuni da hannu ta fito. Ta zauna a benci, ta cire takalmin, ta juya shi tana kallo. Sai ta ɗago ta dube ni ta cikin gilashin. Ta tura takalmin cikin jaka ba tare da ta nuna wa malamin ba.

Sai da muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ta yi magana, a hankali.

"Umma, ke ce?"

"Ni ce."

"Ƙarfen baki biyu gare shi. Kwarmin nan na tsakiya shi ke riƙe ni. Inji ne ke yin washin, ba hannu ba."

"To me ya hana ki nuna wa malamin?"

"In ce masa me? Uwata ce?"

Malamin ya ɗauka tsoro ne ya kama ta, ko ba ta iya ba, kuma ranar Litinin za a kafa sunaye. Da maigida ya dawo na ba shi labari, sai da ya yi dariya har da riƙe ciki.

"'Yar mahauta ta yi aikin gado! Da kin bari sai layya."

"Alhaji, kai ka iya yarensu. Ka je ka yi masa bayani gobe."

"Gobe ina da lodi, jirgi ba ya jiran mutum. Dama wasan mutanen da rana ba ta duka ne, ta yi haƙuri."

Haƙuri dai, haƙuri. Ni da na ɓata ba a ce in gyara ba, ita da aka ɓata wa ita ce za ta yi haƙuri. Ta ci tuwonta, ko sunan Kanada ban sake ji ba a gidan.

Washegari da na idar da asuba na dafa musu shayi, na sa takalman da dutsen a jaka, na fita suna barci. Na tsaya bakin ƙofar filin har aka buɗe. Sinancina na kasuwa ne, na Guangyuan, bai wuce gaisuwa da godiya ba.

"Nihaw, lawban," na ce wa malamin, wato sannu mai kanti, don ban san yadda ake kiran malami ba.

Na ajiye takalman a kan benci, na ajiye dutsen kusa da su. Na nuna masa hoton yarinyar a waya, na girgiza kai. Na buga ƙirjina, sannan na ɗauki dutsen na gwada masa yadda na yi. Ya ja farcensa a bakin ƙarfen, ya ja dogon numfashi, ya ce "meyo, meyo," wato wannan kam babu shi. Ya yi ta zuba magana, ni ina tsaye ina jin zafin rashin baki. Da ya ga ba na ganewa sai ya sauko da takalmin haya daga kan kantar kaya, ya nuna hoton yarinyar, ya yagi takarda ya rubuta. Lambobi dai irin namu ne, na karanta da kaina: kwanan watan yau, ƙarfe huɗu. Zai sake gwada ta ke nan.

Na ce "sheshe," wato na gode, ya fi sau biyar. Da na koma gida ta tashi, tana zaune gaban shayin da ya huce. Na tura takardar ƙarƙashin kofinta, na ce, "Ke, ki ci abinci da wuri," na wuce kicin na mayar da dutsen ma'ajiyarsa.