Jar Hular da Aka Sa wa Luka

Duk wanda ya zauna a ƙauyenmu na gindin dutsen Kwatarkwashi ya san Luka da gonarsa ta bakin rafi, wadda kakansa ya sare da hannunsa. Bahaushe ne gaba da baya, sai dai shi coci yake zuwa. Ba ruwansa da hayaniya, daga gona sai awakinsa. Maƙwabcinsa Dalhatu kuwa ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan gonar nan, hanya kawai ya rasa.

Da aka kaɗa gangar siyasa a ƙarshen 1998, Lawali, mai yi wa wani ɗan takara kamfe, ya zo neman Kirista guda da za a nuna a taron Gusau. Ya yi alkawarin kwanon rufin coci. Luka ya wanke babbar rigarsa ya tafi.

Lawali na ganinsa ya ɓata rai. "Haba Malam Luka, wa ka gane kai Kirista na cikin rigag ga? Awa liman!"

Aka aro jar hula da zane wurin wani ɗan Ibo mai kayan gyaran mota, aka shirya Luka da su. Aka miƙa masa lasifika, wai ya ce su baƙi sun gode wa masu gari da suka ba su masauki. Bawan Allah ya tuna cocinsu da ke yoyo, ya faɗa. Jama'a suka yi ta tafi, wai ɗan Ibo ya iya Hausa kamar jakin Kano. Gidan rediyo ya yi ta maimaitawa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Kwano dai ba a gan shi ba. Kafin damina Dalhatu ya kai ƙara gaban mai gari, wai gonar aro ce iyayensa suka ba baƙo. Ya danna kaset ɗin da ya naɗa daga rediyo, muryar Luka ta cika zaure.

"Sanya ni anka yi, ranka shi daɗe," in ji Luka.

Mai gari ya ce, "To can kay yi ƙarya ko nan?"

Dattawan da suka yi gayya da uban Luka a gonar suna zaune, kowa ya sa ido a tabarma. Aka ba Dalhatu gona.

Yanzu Luka yana dakon buhuna a kasuwar Tsafe. Mutanen can suna da kirki. Duk Kirsimeti sai sun tambaye shi yaushe zai tafi gida. Yakan ce sai baɗi.