Oba-obar Baba Hudu da Inna Ladi

Har na yi ritaya ban manta da ranar da Baba Hudu ya shigo ofishinmu na bakin dam ɗin Tiga riƙe da hannun matarsa ba. Lokacin ina mataimakin jami'in kula da kamun kifi, ni ke duba injinan jirage da rediyon magana ta ofis, wadda kowa ke kira oba-oba. Ga wanda bai san wurin ba, waya ba ta da sabis a wurare da yawa cikin ruwan nan, musamman ta wajen duwatsu. Oba-oba ce ke haɗa na cikin ruwa da na tudu.

Baba Hudu tsohon masunci ne, yana da ƙaramin kwalekwale mai inji. Shi da matarsa Inna Ladi suna cikin waɗanda ruwan dam ya ci garinsu aka maido su nan. Bayan mun gaisa ya ce 'yarsu da ke aure a Kiru ce ta matsa a saya masa rediyo, shi kuwa bai san wadda ta dace ba.

Na yi masa bayani yadda muka saba. Akwai babba da ake kafawa a jirgi, tana kai nisa, amma sai da babban batir da doguwar eriya. Akwai ta hannu, ba ta kai waccan nisa, sai dai mai kyau ba ta jin ruwa, ko ta faɗa dam tasowa take yi. Kwalekwalen Baba ba shi da rumfa, ruwa na fantsama ko'ina, don haka na ce ta hannu ce tasa.

"To ni fa, ɗan nan?" in ji Inna Ladi.

Sai a lokacin na lura yanar ido ta rufe mata gani. Ta ce tun da aka maido su nan take tsayawa a bakin ruwa da la'asar, tana gane jirginsa tun yana ɗan ɗigo. Yanzu ba ta gani. In ya yi jinkiri ko abinci ba ya shigar mata. 'Ya'yan sun ce ya daina fita, ita kuwa ta san in aka raba shi da ruwa kwanciya zai yi.

Nan zaɓin ya canza, dole a sayi biyu. Na je wajen shugaban sashenmu, domin a ƙa'ida akwai tashar da aka keɓe don neman agaji, ba a hira a kanta.

"Ka ba su tasha daban," ya ce, "amma ka koya wa tsohon komawa ta agaji. In suka cika mana ita da zancen miya, kai zan kama."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

Da mai sayarwa ya kawo samfuri daga Kano, Baba ya ƙyasa wata mai gilashi da ƙananan maɓallai. Ni kuma na riƙa sa wa Inna kowace a hannu. Ta shafa, ta ajiye, har ta zo kan wata mai murɗi a kai, wadda ke yin ƙas-ƙas in an juya, ga maɓallin magana babba a gefe.

"Wannan tana gaya wa hannuna inda nake," ta ce.

Baba ya ajiye tasa. "Wadda ta ce, ita ce."

Ranar gwaji muka zaunar da ita a kan tudun bayan gidansu, domin magana ta fi kai nisa daga wuri mai tsayi, ni da Baba muka shiga ruwa. Na koya mata ta danna ta yi magana, ta saki ta saurara. Ta danna ta ƙi saki, tana ta sallama tana tambayar ko muna ji. Baba ya yi dariya har ya share ido. "A gida ma haka take," ya ce.

A farkon daminar da ta biyo, hadari ya taso bayan azahar da iska mai ƙarfi. Sai ga muryar Baba a tashar agaji: injinsa ya mutu, ruwa na shiga jirgi. Na tambaye shi inda yake, ya ce yana kan tsamiyar gidan Liman. Babu wanda ya san ta a cikinmu, sunan wuri ne a garin da ke ƙarƙashin ruwa. Na ce ya koma tasharsu, ni ma na juya, na kira Inna.

Ba ta ruɗe ba. "Ka sa dogon dutsen nan a hannun damanka ka miƙe gabas. Za ka ga busassun itatuwa sun leƙo. Mai kaurin ita ce."

Muna tafe a jirgin ofis ina jin su. "Malam, ka riƙe da kyau. Na ɗora maka ruwan zafi."

"Ina nan, Ladi. A ƙofar gidanmu ma nake."

Muka same shi ya ɗaure kwalekwalen a jikin kututture yana kwashe ruwa da ƙwarya, oba-obar na rataye a wuyansa. Muka jawo shi. Da muka iso gaɓa ta laluba ta kama hannun rigarsa, ni kuma ta yi ta sa mini albarka.

Ku da kuke kan aikin yanzu, in masunci ya zo neman rediyo, ku duba girman jirginsa da nisan da yake zuwa, wannan wajibi ne. Amma kafin ku ce ga wadda za a saya, ku tambaye shi wa ke jiransa a tudu, ku kuma nemi a kawo muku shi ku ga hannunsa da idonsa. Tun daga kan Inna Ladi ban sake zaɓa wa masunci rediyo shi kaɗai ba, sai da mai jiransa.