Nonon da Inna ta hana

Cikina na fari yana wata takwas, likitar da ke duba ni a asibitin Treichville ta ɗora ni a kan wasu fararen ƙwayoyi, asiklobir. Ina da ciwon da suke kira herpes: ƙuraje masu ruwa da ke fito mini a gaba, su yi raɗaɗi kamar an barbaɗa barkono, su bushe, sai sun ga dama su dawo. A wurin maigidana na samo shi, direban babbar mota ne, kuma ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Likitar ba ta ɓoye mini ba, ta ce ba ya warkewa, maganin kwantar da shi kawai yake yi. Amma in na riƙa sha kullum har na haihu, da wuya ƙurajen su fito ranar naƙuda su taɓa jinjirin.

Sai lokacin goyon ciki ya zo, na tattara na koma wurin mahaifiyata a Adjamé, gidan haya mai tsakar gida ɗaya a bayan tashar mota, inda ihun masu gbaka, ƙananan motocin haya, ba ya barin kowa barcin rana. Inna ce ke wankan gawar mata a unguwar. A shekarun nan sida, wato ƙanjamau, ta ci 'ya'yan maƙwabta da dama, kuma da hannunta ta wanke su. Duk waɗanda ta wanke, Treichville suke zuwa, ƙwaya suke haɗiya kullum.

Ta gan ni ina sha, ba ta tambaye ni ba. Ina ni ina zancen gabana da uwar da ta haife ni, ga kunyar cikin fari? Washegari na tarar ta ware mini kofi da cokali. Raina ya ɓaci, amma na ce ba komai, in na sauka lafiya ta gani da idonta.

Na sauka lafiya kuwa. 'Ya mace, jikinta sumul, ba ko ƙurji ɗaya. Maganin ya yi aikinsa. Muna dawowa gida Inna ta karɓe ta, ta fito da bibiro, kwalbar shayar da jarirai, da gwangwanin madara, ashe tuni ta tanada.

"Inna, ba ni ita ta sha."

"Ba za ki ba ta ba. Ta nono ake ɗauka, na sani."

"Wallahi ba sida ba ce, Inna. An yi mini tes. Herpes ce, dokta ta ce ba matsala."

"'Yar nan, duk wadda na wanke haka ta ce wa uwarta." Tana faɗa tana hawaye. "Ke na riga na bar wa Allah. Wannan dai ki bar mini."

Na yi faɗa, na yi rantsuwa, na ce ta zo mu je wurin likitar. Ta ce likita ai rufin asiri ne aikinsa. Na aika wa maigida ya zo ya yi mata bayani. Ya zo, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce abin da Inna ta ga ya dace shi za a yi. Ya san in ya buɗe baki, tambaya ta gaba a kansa za ta faɗo.

Da ƙiyayya ce da na iya yaƙarta. To ƙauna ce. Ita ke dafa mini ruwan wankan jego, ta dama mini kunun kanwa, kunun da ake ba mai jego don nono ya kawo, sannan ta goya jinjirar ta tafi da ita ko bayan gida za ta. Nono ya cika ya yi tauri har zazzaɓi ya rufe ni. Sai in shiga banɗaki in tatse shi a ƙasa, ina jin kukan 'yata ta bayan langalanga.

Ranar da na yi arba'in na koma ɗakina da jinjirar, na rufe ƙofa, na sa mata nonon a baki. Ta kau da kai. Na matsa, na sake matsawa, babu abin da ya fito.