Fantekar Dapaong

Shekarar da yajin aiki ya rufe masana'antun Lome, yayanmu ya dawo gida Didaouré da jaka ɗaya da surutu buhu guda. Zaman banza bai karɓe shi ba, sai ya sa wa cincin ɗin Inna ido.

Inna takan soya cincin ta tara har ɗaki ya cika, direba ya kai wa ƙanwarta a Dapaong, can arewa, ta sayar. Wani lokaci rabi ya yi warin mai kafin a kwashe shi.

"Inna, wannan ɓarna ce," in ji Yaya. "A izin ɗinmu, wato masana'antarmu, ba a tara kaya. Mai saye ke jan aiki, ba a tura masa. Fanteka biyu za ki ware. In ɗaya ta dawo babu komai, an sayar ke nan, sai ki soya. In ba ta dawo ba, ki huta."

Inna ta harare shi, amma hutun ya yi mata daɗi. Fantekar takan dawo da 'yar tsarabar kasuwa a ciki, ba wanda ya kula. Wari ya ɓace, ɗaki ya sami fili, Yaya yana ta yawo a tsakar gida kamar shi ya ƙirƙiro fulawa.

Sai hanya ta lalace. Shinge nan, sojoji can, kowa da labarin da yake kawowa daga arewa. Duk da haka direban yana ratsawa, amma ba fanteka. Ya ce ƙofar ƙanwar Inna a rufe yake samunta. Kasko ya yi sanyi. Inna ta daina cin abinci sosai, kullum tana bakin zaure. Ni kaina tsoro ya kama ni, Yaya kuwa ya daina yawo a tsakar gida.

Ran nan da hantsi sai ga direban yana nishi, fanteka biyu a kansa. Muka buɗe: ƙwan zabi ne shimfiɗe cikin ƙaiƙayi.

Ya ce wa Inna, "Hajiya, ƙanwarki lafiyarta lau! Cincin ya ƙare tuntuni. Kasuwa ce ba ta ci, shi ya sa take ɓuya in na zo. Sai da ta shiga ƙauye ta samo wannan."

"To me ya hana ta aiko fanteka haka nan?" in ji Yaya.

Inna tana dariya tana share hawaye da bakin zane.

"Kai da izin ɗinka! 'Yar uwata ce za ta maido mini kwano babu komai a ciki? Tashi ka hura wuta."