Kwalbar Da Kawu Ya Tuttular

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Yaya, ranar Talata tara ga wata, bayan la'asar, muka same ka jingine da bangon shagonmu na walda, rai ya yi halinsa.

Kai ka koya min sana'a. Tabarau ɗaya ne a shagon, ni kake saka wa, kai ka runtse ido ka kama ƙarfe. In tsohuwa ta kawo murhunta ya karye, sai ka gyara ka ce, "Baba, addu'a kawai."

Ba zan ɓoye ba, ka sha ƙwaya. Ciwon baya ya jefa ka ciki, ka yi ta faman fita. Likita ya saka ka cikin waɗanda ake gwada wa wani mai da aka tace daga ganyen wiwi, aka cire abin da ke bugarwa. Ya faɗa mana gaskiya, gwaji ne, babu tabbas. Amma ni da muke gida ɗaya na ga hannunka ya daina rawa, na ga ka cinye abinci har ka nemi ƙari.

Sai Kawu ya ji. Ya faɗo gidanmu ba sallama.

"Wiwi a gidan ƙanwata? Ɗan ƙwaya ya samu ƙarin girma!"

Ka ce, "Kawu, mu je ka ji daga bakin likita."

"Ni zan bi mashayi asibiti?"

Ya tuttular da kwalbar man a kwata, ya sa Inna ta rantsar da kai ba za ka koma ba. Ka bi maganar uwa. Da abin ya motsa maka, ka sha ƙwaya yawan da ka saba a da, jikin da ya kwana biyu bai gani ba ya kasa ɗauka.

Ban ce da man nan ya cece ka ba, Allah kaɗai Ya sani. Amma ga Kawu can kan tabarma yana karɓar gaisuwa, yana cewa, "Mun yi iya ƙoƙarinmu." Na kalle shi. Autansa ya miƙo min hannu, na ji yana rawa irin taka. Gobe ni zan kai shi wurin likitan, ko Kawu ya so ko ya ƙi. In an ba shi kwalba, a akwatin ƙarfen da ka ƙera za ta zauna, makulli a wuyana.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya yafe maka. Ya ba Inna da matarka haƙuri, Ya raya ɗiyarka. Kawu kuma, Allah Ya sa kada ya zauna kan wannan tabarma sau biyu.