Ni na fara dafa kofi ba wuta

Ban gaji ko bulo ɗaya ba. Da hannun nan nawa na gina gida biyu a Konni, na sayi babur, na je Makka.

Farkon shekarun 2000 muna gini a Malbaza, nakan cusa gwangwanin kofina cikin bokitin farar ƙasa idan an jiƙa ta tana tafasa. Wani injiniya Bature ya kurɓi kofin, ya ƙone leɓe.

"Ilu, ina wutar?"

Na ce, "Mushe," haka muke kiran Bature, "wannan ba a lakwal, makarantarku ta boko, ake koyonsa ba."

Ya rubuta wani abu a littafinsa.

Jiya aka nuna mini gwangwanin Turai mai ɗumama kansa. Mi ke gindinsa? Farar ƙasa da ruwa!

Ba na neman ko dala. A rubuta Alhaji Ilu Magini a jikin gwangwanin. Waɗanda muka yi ginin tare, ku fito ku shaida.