Ƙyauren da Ban Kafa a Zaure Ba

Shekarar da likita ya hana ni hawa babur na fara tunanin mayar da kasuwancina gida. Sana'ata sayen shinkafa shanshera daga manoman Kura da Bunkure, in sayar wa masu injin casa a Kano. Da yawo gona-gona na gina ta, har bayana ya gaza. Da na zauna na duba, sai na ga rabin aikin ma ya riga ya koma cikin waya. Manomi ya turo hoto, a kawo mini samfur a leda, in murza a tafin hannu, in ciza, in kira mai inji. Abin da nake bukata ɗaki ne mai ƙofa ta waje, don kada baƙi su riƙa ratsa cikin gida, da tebur, da kujera mai jingina, da sola da fanka. Sai ƙyaure da zan rufe, domin ba a gaban jama'a ake maganar farashi ba.

Duk gidan wuri ɗaya ne ya dace, zauren marigayi mahaifina. Nan ne ma sabis ya fi ƙarfi. Na ba mai walda aikin ƙyauren ƙarfe, na sa magini ya zo awo.

Sai dai zauren da mai zama a cikinsa. Aminin mahaifina ne, wanda muke kira Baba. Tare suka yi leburancin haƙa hanyoyin ruwa lokacin da noman rani ya shigo ƙasarmu, kuma tun ina yaro kullum da hantsi yake zuwa su zauna su biyu. Da mahaifina ya rasu bai daina ba. Idonsa ya dushe, matarsa ta riga shi, 'ya'yansa suna birni. Bango yake bi da sanda har ya iso, ya yi sallama ko babu kowa, ya zauna a wurinsa.

Na gwada yin aikin yana nan. Idon ne ya tafi, kunnen garau yake. Wata safiya na yi ciniki da wani mai inji a waya, kafin la'asar duk wanda ya yi sallah a masallacinmu ya san abin da aka taya mini. Ba da mugunta ya faɗa ba, alfahari yake yi da ni. Amma da farashin ya bazu, cinikin shinkafa mota guda ya kuɓuce mini a ranar, shi ya sa na ƙara matsa wa mai walda.

Ran da magini ya zo, ya nuna mini tabo biyu a bangon gabas, baƙaƙe, sun yi sulɓi, dab da juna.

"Alhaji, wannan sai an kankare kafin a yi fenti."

Ban taɓa lura da su ba sai ranar. Inda bayansu yake jingina ne, shi da mahaifina.

Baba yana zaune yana jin ƙarar abin awo. Ya ce, "Ɗan nan, gini za a yi?"

"Ofis nake so in yi, Baba."

"Ofis! Madalla. Da ubanka na nan da ya sa babbar riga ya zauna a ciki, ko waya bai iya riƙewa ba." Sai ya tambaya, "Da ƙyaure?"

"Da ƙyaure."

"To, ai gidanka ne. In an kafa ka faɗa mini, kada in zo in buga goshi."

Ya yi dariya, magini ya taya shi. Ni na kasa.

Washegari ban ji sallamarsa ba. Da na leƙa, sai na gan shi a gindin katanga ta waje, a ƙasa, rana ta fara cin ƙafafunsa. Na ce, "Baba, ai ba a kafa ba tukuna."

Ya ce, "Na sani. Sabon wurin nake koya tun da sauran ƙarfina."

Na kama hannunsa na mayar da shi ciki. Da yamma na kira magini na ce a fasa, a huda mini ƙofa a ɗakin da nake ajiye taki da injin ban ruwa, can ta lungu. Ɗakin ƙarami ne, warin taki bai fita ba har yau, kuma sai na tsaya bakin taga waya take shiga. Na san abin da hakan ya rage mini a ciniki, kuma da saninsa na zaɓa.

Rani biyu Baba ya ƙara yi a zauren. Ya rasu ana tsakiyar yankan shinkafa, Allah ya jiƙansa.

Bayan sadakar arba'in magini ya tare ni a hanya. "Alhaji, yanzu dai sai mu kafa ko?" Na ce ya bari tukuna. Ƙyauren yana nan jingine a bayan gida, tsatsa ta fara cin gindinsa. Idan bayana ya matsa mini da tsayuwar taga, zauren nake zuwa in zauna a tabarma, ɗan gefe da tabon nan biyu. Duk mai wucewa yana leƙowa ya yi sallama, in amsa.